Kasala ko Arkawit? Amsa ga mai tambayar yawon hutu

Salam ɗan'uwa, ka ce kana Bur Sudan kana son fita da iyali ku sha iska, wurin da akwai dutse da ruwa, kana waswasi tsakanin Kasala da Arkawit. To ni dai duka biyun na taka su, kuma in ruwa ne a ranka to Kasala kawai.

Arkawit ta fi maka kusa, ta hanyar Sinkat za ka hau, kuma sanyinta babu na biyu a gabashin nan, shi ya sa tun zamanin Ingilishi mutane suke gudowa nan lokacin zafi. Da hunturu hazo yakan sauko ya rufe duwatsun. Kabarin Usman Digna, jagoran mayaƙan Mahadi a gabashin Sudan, ma yana can in kana son tarihi. Amma kogi babu, kasuwar kirki babu, sai ka ɗauko guzurinka da ruwan sha, yara kuma kwana ɗaya sun fara tambayar yaushe za mu koma gida.

Kasala fa wata duniya ce. Duwatsun Taka da Totil da Awetila suna tsaye a kan garin sumul kamar an goge su, ga kogin Gash ya ratsa ta tsakiya. Ka je gindin Totil bayan la'asar, akwai rijiyar nan da ake cewa wanda ya sha ruwanta sai ya dawo, na sha kuma ga shi na koma sau 3. Ka zauna kan dutse a kawo maka jabana, wato gahawa, mai citta cikin 'yar tukunyar ƙasa da ƙananan finjali, turare yana tashi a gefe, angwaye da amare suna ta ɗaukar hoto don nan ne wurin shan amarci na mutanen Sudan, birai kuma suna leƙen abin da ke hannun yara, ka riƙe ledarka da kyau wallahi. Daga nan ka gangara masallacin ɗarikar Khatmiyya inda kabarin shehinsu Sayyid Hasan Almirgani yake, kubbar a buɗe take ta sama. Washegari ku ɗau raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa sawagi, lambunan bakin Gash, mangwaro da ayaba da gwaiba har sai kun ture. Ga 'yan'uwanmu Hausawa da yawa a garin, ba za ka rasa mai nuna maka hanya da harshenka ba.

Sai dai Gash ba kullum yake da ruwa ba, daga ƙasar Iritiriya yake gangarowa da damina, wajen Yuli zuwa Satumba, sauran shekara yashi ne zalla yara na buga ƙwallo a ciki. In ya kawo kuma ba na wanka ba ne, ja ne mai laka mai ƙarfin tsiya, don Allah kar ka bar yaro ya matsa gaɓa, ku tsaya kan gada ku kalla.

Da halin yaƙin da ƙasa ke ciki tun 2023, ka kira wani na can ka ji labarin hanya kafin ka yanki tikitin bas, kuma kowa ya riƙe takardunsa saboda shingayen bincike. Allah ya kai ku lafiya, ka sha min jabana ɗaya a Totil.