Kafin a yarda a shiga ɗakin fiɗa a Maradi

Ranar da aka ce za a yi wa kawuna aikin ƙaba, gidanmu ya rabu. Wasu suka ce CHR, wato asibitin yanki na gwamnati, wasu babban asibitin Référence, wasu kilinik ta kuɗi, wasu kuma suka ce a tsallaka Katsina. Kowa sunan likita yake kira, ba wanda ya tambayi wa zai duba shi ƙarfe 2 na dare.

To, nan ne fa gizo ke saƙa. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2018 ya bi marasa lafiya 11,422 a ƙasashen Afirka 25, ya gano kusan mutum 1 cikin 5 na samun matsala bayan aiki, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu ba a kan teburin fiɗa suka cika ba, a kwanakin jinya ne.

Saboda haka ku je da dare, ku leƙa ɗakin kwanciya. Ma'aikacin jinya nawa ne, gado nawa? Ana auna zafin jiki da bugun jini ana rubutawa, ko sai mai jinya ya bi su yana roƙo? Na tsaya na ga wata ma'aikaciya ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar hannu, sannan ta buɗe ɗinkin wani dattijo. Wannan ya fi mini fentin bango.

Asibitin gwamnati na da cunkoso da jira, amma in abu ya rikice, ƙwararru na kusa. Kilinik akwai sauri da ɗaki mai tsabta, sai dai ku tambaya ƙarara: in jini ya ɓalle, akwai na ƙari a ajiye? In wuta ta ɗauke, injin na tashi nan take? Mai ba da maganin barci yana nan har mutum ya farka? Yoyon fitsari kuwa, ga asibitin Danja nan kusa, aikinsu ne. Katsina ban hana ba, amma ciwon ɗinki kan iya ɓullowa har kwana 30 bayan aiki, ga iyaka tsakaninku da wanda ya ɗinka.

Ku tambayi ko suna bin takardar bincike ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya 19, wadda ake tabbatar da sunan mara lafiya, da gefen da za a yanka, da ƙirga auduga kafin a rufe ciki. Kuɗi kuma a faɗa muku jimilla, har da magani da wankin ciwo.

Mu dai inda muka tarar da ma'aikaciyar nan muka kwantar da kawu.