Ku daina ɗora wa tsautsayi: saƙo daga Birtaniya ga masu tsalle da keke a Zariya

Tambayar farko da ake yi wa mai sayen keken hawan dutse a shagon kirki a nan ita ce: kilo nawa kake? Haka kai tsaye, ba kunya, ko da kai magidanci ne mai tumbi. Kuma ba a tsayawa kan abin da bakinka ya faɗa. Sai ka hau keken da takalminka da hular kwanonka da jakar ruwan da za ka goya, ka miƙe a kan feda, wani ya riƙe maka kan keken. A jikin sandar shokozoba akwai ɗan zoben roba. Makaniken zai tura shi ya manne da bakin shokozobar, ka sauko a hankali, ya sa rula ya auna inda zoben ya tsaya. Shokozobar baya ana so ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyarta, ta gaba kashi 15 zuwa 20. In sandar baya tana tafiyar milimita 55, to zoben ya tsaya tsakanin milimita 14 da 16. Bai kai ba, a rage iska. Ya wuce, a ƙara, da wani ɗan famfo mai agogo da ke kaiwa psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Duk wannan ana yin sa kafin tayar ta taɓa ƙasar waje.

Abin da ya sa na kawo wannan, 'yan uwa, bidiyon da ake turowa daga gida ne. Samari a bayan Samaru da gindin Kufena sun aza katako a kan bulo suna tsalle da kekunan gwanjo, kusan kowa tayar gaba ce ke fara caka ƙasa, mutum ya wuntsila ta saman kan keke. Masu kallo su kwashe da dariya, wani ya ce yaron ba shi da zuciya, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wallahi ba tsautsayi ba ne. Abu ne mai dalili, kuma dalilin a kan tudu yake faruwa tun kafin keken ya tashi.

Ga yadda abin yake. Tsakanin tayoyin keken zamani akwai kusan mita 1.2. Lokacin da tayar gaba ta bar bakin tudu, ta baya tana kan hawa tukuna. A wannan ɗan taƙin gaba ya rasa abin da ke tallafe shi, ya fara faɗowa, baya kuwa tudu na ci gaba da tura shi sama. In mahayi ya sandare bai yi komai ba, keken da kansa zai kifa. Rashin gudu yana ƙara ɓata lamarin, don gaba zai daɗe yana faɗowa kafin baya ya rabu da ƙasa. Shi ya sa wanda ya taɓa birki a gindin tudu don tsoro ya fi wanda ya shiga da gudunsa shan ƙasa.

Sai kuma abin da tsoro ke sa kowa ya yi: ja da ƙugu baya, a miƙar da hannaye sambal, wai don kada a faɗa gaba. Wannan shi ne ainihin abin da ke kai mutum gaba. Nauyi duk ya taru a tayar baya, shokozoba ta matse, tana isa bakin tudu ta saki gaba ɗaya, keken ya yi tutsu kamar jakin da aka tsikara. Hannayen da aka miƙar kuma ba su da sauran abin bayarwa, gaba na sauka sai ya fizgo mutum ya bi shi.

Gyaran yana farawa daga sirdi. A saukar da shi ƙasa iyakar iyawa. A nan akwai sandar sirdi da ake dannawa da babban yatsa ta sauka da milimita 150 zuwa 200, amma a gida alanki ma ya isa. Sirdi mai tsayi shi ke dukan mutum daga baya ya tura shi kan tayar gaba. A daina taka feda tun saura tsawon keke biyu ko uku a isa tudun. Fedoji su tsaya a daidai, ƙafar da ka fi sabawa da ita a gaba, dunduniya ta ɗan yi ƙasa. Haɓa a saitin wuyan keke, nauyi a ƙafafu, hannu riƙo kawai yake yi. A gindin tudu ka ɗan durƙusa. Yayin da keken ke hawa, ka danna fedoji ƙasa da ƙarfi kana miƙewa, kuma nan ne duk sirrin yake: kada miƙewar ta ƙare sai tayar baya ta iso bakin tudu. Yawancin mutane suna gamawa da wuri, tayar gaba na tashi sai su saki jiki, su bar bayan keke ya yi abin da ya ga dama. Kada kuma a fizgi kan keke da hannu. Hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai keken ya tashi a karkace.

A sama aikin kaɗan ne. Ka sassauta gwiwa keken ya taso maka, ido a kan masauki, ka tura kan keke gaba a hankali har ya yi daidai da gangarar. In gangara ce, tayoyi biyu su sauka tare, ko ta gaba ta riga da ƙiftawar ido. In fili ne shimfiɗaɗɗe, tare, ko ta baya ta ɗan riga.

Masu koyarwa a nan kuɗi mai kauri suke karɓa, kuma babban abin da suke yi shi ne tsayawa a gefen tudu da waya su ɗauki mutum a bidiyo mai tafiyar hawainiya. Wa ya rasa waya a Zariya? Maimakon ɗaukar faɗuwar abokinka daga gaba don a yi dariya a Facebook, ka tsaya a gefe, saitin bakin tudu. Ku tsayar da hoton daidai inda tayar baya ta iso baki. In gwiwarsa na lanƙwashe, bai danna ba. In ƙugunsa ya wuce bayan sirdi sosai, ga mai laifin nan.

Mu koma kan shokozoba, don ko jiki ya yi daidai ita kaɗai tana iya kifar da mutum. Akwai wani ɗan maɓalli, galibi ja, da ke sarrafa saurin dawowarta bayan ta matse. A wasu ma an zana zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗayan. In bayan keke na harbi, a juya wajen kunkuru ƙyas ɗaya ko biyu, a gwada, kada a juya da yawa lokaci guda. In ta yi sanyi fiye da kima ba za ta gama dawowa ba kafin gargada ta gaba, sai keken ya zama icce. Gwaji mai sauƙi: zauna a sirdi ka sauko daga dakali mai tsayin taƙi ɗaya. Ta nutse, ta dawo, ta tsaya. In ta yi ta lilo, ta yi sauri. Ta gaba kuma ta ɗan fi ta baya saurin dawowa.

A nan ne nake jin takaicin kayan da ake jibge mana. Yawancin kekunan nan masu ƙaton sifirin a tsakiya, waɗanda yara ke rububi don kyan gani, sifirin ne zalla, ba mai a ciki, ba maɓalli, ba abin da ke rage dawowarsa. Don tsalle, keke marar shokozobar baya mai ƙwarin firam ya fi su nesa ba kusa ba. Kamfanoni da yawa a nan suna rubuta ajin kekensu a takardar da ke biye da shi, wasu har su manna a jikinsa. Aji na 2 bai wuce faɗowar santimita 15 ba, na 3 tsalle ƙasa da santimita 61, na 4 ƙasa da 122. Mu kuwa keke ya iso ba takarda, ba tarihi, mai saye ya buga taya da yatsa ya ce lafiya lau. Birki ma haka. A Birtaniya birkin gaba a hannun dama yake, a Amurka da yawancin Turai a hagu. Gwanjo ya haɗa su duka. Duk wanda ya ari keken wani ya matsa kowane hannu ya gani kafin ya hau. Matsa birkin baya a sama yana tsayar da tayar, kuma nan take gaba ya sunkuya. Sauka da birkin gaba a riƙe kuwa, sai dai a nemi mai ɗori, ko a wuce asibitin Shika.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Taya ta yi faci, wani shagon sai ya ce ka yi rajista ta intanet, ya ba ka rana a mako mai zuwa, kuɗin aiki kuma ya fi na tub ɗin. Filin wasan keke sai ka sayi tikiti, ka sa hannu a takardar cewa in ka karye kai ka jiyo. Ga ruwa ba dare ba rana, laka har cikin kunne, a lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya shiga. Sai mutum ya tuna mai gyaran keke a gindin bishiya a Tudun Wada, kana zaune a benci kuna hira ya gama maka, har ya ɗiga wa sarƙa mai kyauta. Hannunsa ya fi na da yawa daga cikin na nan. Agogon awo kawai ya rasa. Shi a wurinsa taya mai kyau ita ce wadda ta yi tauri kamar dutse, alhali tayar inci 2.3 ko 2.4 mai tub, ga mutum mai kilo 70, psi 25 zuwa 30 ya wadatar a kan ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tudun kansa. A filin wasan keke na BikePark Wales, wanda aka buɗe a 2013 kusa da garin Merthyr Tydfil, hanyoyin an raba su da launi: kore, shuɗi, ja, baƙi, kowa ya san ajinsa. Mai koyo yana farawa da tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda ba rami tsakanin matashi da masauki, in gudu bai kai ba sai ka sauka a samansa ka gangara. Katako a kan bulo kuwa ya fi komai mugunta: gajere ne, bai kai tsawon keke ba, tayar gaba ta bar shi kafin ta baya ta hau, sannan masaukin fili ne.

Kuma a ce garin da ya fitar da shahararren magini Babban Gwani, garin da kududdufai suka cika saboda haƙar ƙasar gini, an rasa mai tara jar ƙasa ya yi tudun kirki? Tsayi daidai gwiwa, santimita 50 zuwa 60. Fuskar hawa mita 2.5 zuwa 3, ta lanƙwasa a hankali ba kwana a baki. Kai shimfiɗaɗɗe mita 1.5 zuwa 2. Gangarar sauka ta fi ta hawa tsawo da faɗi, bayanta kuma fili ba bishiya ba kwata. A zuba ƙasar kashi-kashi, a yayyafa ruwa, a daɓe da bayan shebur, a bar ta ta sha iska kwana biyu. Ƙarshen damina ya fi dacewa, ƙasa na da laima. Da hunturu kuma a riƙa share ƙurar fuskar tudun ana ɗan jiƙa ta, don garin ƙasa a kan daɓe santsi ne, kuma a bakin tudu tayar baya ke fara zamewa.