Sharhi: Wata Takwas da Tsohuwar Jita Ƙirar Levin

Wata takwas ke nan da na sayi wata tsohuwar jita ta hannu, irin wadda ba a jona ta da lantarki, ƙirar kamfanin Levin na ƙasar Suwidin, kuma sai yanzu nake jin na zauna da ita tsawon lokacin da zan iya faɗin ra'ayina ba tare da ɗokin sabon abu ya rufe mini ido ba. Herman Carlson Levin ne ya kafa kamfanin a birnin Gotenbag a 1900, kamfanin Martin na Amurka ya saye shi a 1973, daga baya kuma aka daina ƙera jita a wannan masana'anta. Tawa dai, bisa lambar da ke jikinta, ƙirar shekarun 1960 ce.

Muryarta ce ta fara kama ni. Da na kaɗa tsirkiyoyin shida gaba ɗaya, sautin ya fito garau, kowace tsirkiya ana jin ta daban, kuma amon ya daɗe yana yawo a cikin akwatin kafin ya mutu. Fuskarta katako ne tsantsa, ba falle-fallen da aka manne da gam ba, kuma masu kiɗa da yawa sun yarda cewa irin wannan katako yana ƙara buɗe murya idan ya tsufa. Duk da haka ban biya kuɗi a ranar ba, domin yatsuna sun gaya mini abin da kunnena bai so ya ji ba: danna tsirkiya a tsakiyar wuya sai da ƙarfi.

A nan ne duk maganar sayen tsohuwar jita take. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, ko da marasa kauri ne, suna jan wuya da fuskar jita da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. Sannu a hankali wuyan yana tasowa gaba, fuskar tana kumbura a bayan jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, sai tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya ta ƙaru. Washegari na koma da rula. A ƙarfe na 12 cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan, tazarar babbar tsirkiya ta kai milimita 4, alhali abin da hannu ke jin daɗinsa bai wuce 2.5 ba. Na duba farin ƙashin da ke kan jakin, na ga wani ya riga ya goge shi har ya kusa shafewa, ma'ana babu sauran abin ragewa. Da na shimfiɗa dogon rula a kan ƙarafan wuyan na tura shi zuwa jaki, maimakon ya hau saman jakin sai ya tokare shi a ƙasa. Wannan alama ce da ba ta ƙarya, kuma murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya ba ya maganinta, domin aikin sandar gyara lanƙwasar wuya ne kawai. Dole sai an cire wuyan an sake dasa shi.

Na kuma zura ƙaramin madubi da tocila ta bakin jitar, na ga ɗaya daga cikin sandunan da ke tallafe fuskar daga ciki ya ɗan saki a gefe guda, sannan akwai siririyar tsaga a ƙasan jaki, irin wadda ke samun katako idan an ajiye shi a busasshen wuri. Ba laifin ƙira ba ne, aikin shekaru ne da rashin kyakkyawar ajiya. Mai sayarwar bai san da su ba, da na nuna masa kuwa ya rage mini ba tare da gardama ba.

Gyaran ya ɗauki mako shida, ya kuma ci kusan rabin abin da na biya wajen saye. Wannan ya yi mini ciwo a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ƙarancin irinta, wanda shi ne abin da ya fi burge ni da fari, shi ne ya fi ba ni wahala daga baya. Jitar da kowa ya sani tana da farashin da kowa ya sani, wannan kuwa babu abin da zan kwatanta ta da shi sai tallace-tallace biyu ko uku a intanet. Ɗaya daga cikin kunnuwan ɗaure tsirkiya ya lanƙwashe, na yi wata biyu ina neman irinsa ban samu ba, a ƙarshe mai gyara ya miƙe shi da hannu. Na kuma gane cewa ranar da zan sayar da ita zan daɗe ina jiran mai saye. Wanda zai sayo irinta daga wata ƙasa ya binciki irin itacenta tukuna, domin tun 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da fataucin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa tsakanin ƙasashe, ta tsaurara dokar fataucin itacen rosewood na Burazil, har da kayan kiɗan da aka yi da shi.

Yanzu tana zaune a cikin akwatinta tare da ma'aunin danshi, ina ƙoƙarin kada ya fita daga kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma tsirkiyoyi marasa kauri kawai nake ɗaura mata. Kusan kowane dare ita nake ɗauka, sabuwar jitata tana rataye. Ban yi nadama ba, amma ba zan ba mai koyo shawarar ya fara da irinta ba, domin wuya mai tauri kan sa mutum ya jingine kiɗa tun bai yi nisa ba. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yake kuma da mai gyaran da ya amince da shi, ya kai jitar a duba masa wuyanta da cikinta kafin a yanke ciniki. Ni sai bayan na biya na kai tawa, kuma da an tarar fuskar ta fi haka lalacewa, da babu wanda zan mayar wa.