Haddar nau'o'in tambaya ko feɗe hujja: wanne ya fi a shirin LSAT?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina shirin rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada, sashen auna hujja yana ba ki wahala, kuma an ba ki shawara iri biyu: wasu sun ce ki haddace nau'o'in tambayoyin da dabarar kowanne, wasu sun ce ki koyi feɗe ita hujjar kanta. Kina so ki san wadda za ki bi a 'yan watannin da suka rage miki.

Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin tun watan Agustan 2024 hukumar LSAC mai shirya jarrabawar ta cire sashen nan na wasannin jera abubuwa da zane. Yanzu sassa uku ake bai wa maki, biyu na auna hujja, ɗaya na karatu da fahimta. Akwai na huɗu na gwaji wanda ba ya cikin lissafi, kuma ba za a gaya miki wanne ne ba. Kowane sashe minti 35 ne, na auna hujja yana ɗauke da tambaya 24 zuwa 26, kowacce da zaɓi biyar, maki kuma daga 120 zuwa 180 yake. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na makinki a auna hujja yake. In littafin da ke hannunki an buga shi kafin 2024, ki tsallake babin wasannin gaba ɗaya.

Hanyar farko, wato ta nau'o'i, ga yadda take. Tambayoyin sun kasu gida goma da 'yan kai: a ce ki ƙarfafa hujja, ko ki raunana ta, ko ki nemo aibinta, ko abin da mai magana ya ɗauka bai faɗa ba, ko abin da dole ya zama gaskiya in bayanan gaskiya ne, ko hujjar da ta yi kama da ita a gini, ko abin da zai sasanta bayanai biyu masu kamar karo da juna. Sai ki riƙe dabara ga kowane gida. Amfaninta a fili yake. Tana saurin shiga kai, tana rage fargaba, kuma tana hana ki kuskuren da ya fi cin sababbin ɗalibai, wato amsa tambayar da ba a yi ba. Wanda aka ce ya nemo abin da dole ya biyo daga bayani, ba a ba shi izinin kawo komai daga waje ba. Wanda aka ce ya raunana hujja kuwa, sabon bayani daga waje shi ne makaminsa. In ba ki san wannan bambancin ba, za ki yi ta faɗuwa ko da kin fahimci abin da kika karanta.

Hanya ta biyu ba ta fara da tambayar ba. Tana cewa kowane ɗan sakin layi ki tambaye shi abu uku: mece ce matsayar mai magana, da me ya dogara, kuma ina giɓin da ke tsakanin dalilin da matsayar. Bari in ƙirƙiro misali. A ce an rubuta: "Bara an ƙara fitilun titi a wata unguwa. A bana ƙorafin satar dare da aka kai wa 'yan sanda daga unguwar ya ragu. Saboda haka fitilun ne suka rage sata." Matsaya: fitilu ne sanadi. Dalili: an sa fitilu, ƙorafi ya ragu. Giɓi kuwa biyu ne. Na farko, zuwan abu bayan wani ba ya nuna shi ya haddasa shi. Na biyu ya fi ɓuya: dalilin yana magana a kan ƙorafi, matsayar tana magana a kan sata, kuma ba abu ɗaya ba ne.

To duba abin da ya faru da zarar kin ga giɓin. In an ce ki raunana, amsar za ta zama irin "a shekarar ne aka kafa 'yan sintiri a unguwar", ko "mutane sun daina kai ƙara ne don ofishin ya koma nesa". In an ce ki ƙarfafa, za ta zama "a unguwannin da ke maƙwabtaka, inda ba a sa fitilu ba, ƙorafin bai ragu ba". In an ce ki faɗi aibin, shi ne an mai da jerantuwa sanadi. In an ce ki nemo abin da aka ɗauka ba a faɗa ba, shi ne raguwar ƙorafin ba daga daina kai ƙara kawai ta zo ba. Gidaje huɗu a hanyar farko, giɓi guda a hanya ta biyu. Wannan ne ya sa na fi karkata gare ta, kuma ba da wasa ba. Mai haddar nau'i yakan shiga zaɓuɓɓuka biyar yana jiran wani ya burge shi, su kuwa masu tsara jarrabawar sun ƙware wajen rubuta amsar banza mai daɗin ji. Mai feɗe hujja yana shiga ne da abin da yake nema a hannu.

Amma kada in zuga ta fiye da kima. Tana da jinkiri. Makonnin farko za ki ga kamar ba kya motsi, tambaya ɗaya ta cinye miki minti biyar, alhali a ɗakin jarrabawa abin da ke gare ki bai wuce minti ɗaya da daƙiƙa 24 ba in tambayoyin 25 ne. Sannan ba kowane sakin layi ne hujja ba. Wasu jerin bayanai ne kawai, ba matsaya, kuma wanda ya nace sai ya samo giɓi a nan zai ɓata lokacinsa. A irin wannan wurin hanyar nau'o'i ce ke ceto, don ita ke gaya miki tun daga lafazin tambayar cewa ciro abin da ya biyo daga bayanan ake so, ba suka ba.

Akwai kuma abubuwan da ko wace hanya kika bi sai kin zauna kin koye su da alƙalami. Babbansu shi ne bambanci tsakanin abin da ya wadatar da abin da ya zama dole. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya riga ya san shi: alwala sharaɗi ce ta ingancin salla, rashinta yana kore ingancin, amma samuwarta ba ta nuna an yi sallar. Jarrabawar tana gwada wannan ta fuska da dama. In aka ce "duk A to B", abin da ya halatta ki ciro shi ne "in ba B to ba A". Cewa "tunda B to A", ko "tunda ba A to ba B", su ne kura-kuran nan biyu da ake binnewa a cikin zaɓuɓɓuka. Tunda da Turanci ake jarrabawar, ki kula da ƙananan kalmomi: abin da ya biyo "only if" shi ne na dole, ba mai wadatarwa ba, "some" na nufin aƙalla ɗaya, har yana iya zama duka, "most" na nufin fiye da rabi. Daga nan ne ake samun wata ƙa'ida mai amfani: in mafi yawan 'yan aji suna jin Larabci, kuma mafi yawan 'yan ajin nan suna jin Faransanci, dole akwai aƙalla ɗaya mai jin duka biyun. Da "some" biyu kuwa ba za ki iya ciro komai ba.

Ga kuma dabara ɗaya daga hanyar nau'o'i da ba zan yarda ki bari ba. In ana neman zaton da hujja ba ta tsayuwa sai da shi, ki kore zaɓin da kike shakka a kai, wato ki ɗauka ƙarya ne. In hujjar ta rushe, shi ne amsa. In ta tsaya daram, ki wuce.

Saboda haka ga yadda zan jera su da ni ce. Watan farko feɗewa zalla, ba agogo: ki rubuta matsaya, dalili da giɓi kafin ki kalli zaɓi ko ɗaya. Bayan nan ki ɗauki nau'o'in, za ki ga ba su ɗauke ki lokaci mai tsawo ba, domin yawancinsu tambayoyi ne daban-daban a kan giɓin da kika riga kika iya gani. Sai a ƙarshe ki shigo da agogo, sashe guda a minti 35. Ki yi aiki da tsofaffin tambayoyin hukumar na ainihi, waɗanda ke dandalinta na LawHub, don tambayoyin kwaikwayo ba kasafai suke kama salon tarkon ba. Bayan kowane sashe, kafin ki duba amsa, ki sake bin waɗanda kika yi shakka a kansu ba tare da agogo ba. In kin gyara da kanki, matsalar gaggawa ce. In kin sake faɗuwa, fahimta ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki buɗe littafi na kura-kurai, ki riƙa rubuta abin da ya ja ki ga amsar da ba daidai ba da abin da ya sa kika ƙi ta daidai.

A ranar jarrabawa kada ki bar ko tambaya ɗaya ba amsa, don ba a rage maki a kan kuskure, kuma mai wuya da mai sauƙi darajarsu ɗaya. Tambayoyin nemo hujja mai kama a gini suna da tsawo, ba laifi ki tsallake su ki dawo.

Abu na ƙarshe, tunda ba ki faɗi digirin da kike nema ba: LSAT ta masu neman JD ce, digirin lauya na shekara uku da ake shiga bayan digirin farko. In kin riga kin yi LLB, wato digirin farko na lauya, a gida, kuma LLM, digiri na biyu a fannin, kike so, yawancin makarantun ba sa neman wannan jarrabawar. Ki duba sharuɗɗan makarantar da kike hari kafin ki biya kuɗin rajista. Allah ya ba da sa'a.