Bitar Tsarin Killacewa na IHF a Gasar Duniya ta Masar 2021

Gasar cin kofin duniya ta ƙwallon hannu ta maza karo na 27, wadda aka buga a Masar daga 13 zuwa 31 ga Janairu 2021, ita ce ma'auni mafi kyau na irin hidimar da hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ta yi wa ƙasashe mambobinta a lokacin korona. Hukumar, mai hedikwata a Basel ta Switzalan ƙarƙashin shugabancin Hassan Moustafa, ta zaɓi a buga gasar maimakon a ɗage ta, kuma a karon farko da ƙasashe 32 maimakon 24.

Tsarin shi ne a raba 'yan wasa, masu horarwa da alƙalan wasa da sauran jama'a baki ɗaya. Otal nasu daban, motar safa tasu daban, daga ɗaki sai filin atisaye sai zauren wasa. Zaure huɗu aka yi amfani da su: na Alƙahira, na sabon babban birni, na birnin 6 ga Oktoba, da na Borg El Arab kusa da Iskandariyya. Kowa sai ya nuna sakamakon gwajin korona na PCR kafin ya hau jirgi, a sake gwada shi idan ya sauka, a ci gaba da maimaitawa har ƙarshen gasa. An kuma sassauta dokar rajista: ƙungiya na iya zuwa da 'yan wasa 20, ta zaɓi 16 a kowane wasa. Wannan ya yi amfani ƙwarai, domin mutum ɗaya ko biyu na iya shiga killace ba tare da ƙungiyar ta wargaje ba.

A cikin otal da zaure tsarin ya riƙe. Matsalar tana bakin ƙofa, kuma nan ne hukumar ta gaza. Gwajin da aka yi kwana biyu ko uku kafin tafiya ba ya kama wanda ya kamu jiya, domin ƙwayar cutar sai ta ɗauki kwanaki kafin ta bayyana. Ga shi ƙwallon hannu wasa ne na cuɗanya: ɗan wasan da ke tsaye a layin mita shida, gaban ragar abokan hamayya, yana shafe minti sittin masu tsaron baya na rungumarsa, fuska da fuska, numfashi na haɗuwa. Mutum ɗaya ya shigo sansanin atisaye da cutar, kafin mako ya zagayo rabin ƙungiya ta kamu. Haka ta faru da Jamhuriyar Cek da Amurka, duka suka janye ana gobe buɗe gasa. An kira Makedoniya ta Arewa da Switzalan su maye gurbi, kuma 'yan Switzalan sun sauka ne a ranar wasansu na farko, suka wuce zaure suka doke Ostiriya 28 da 25. Tanadin ƙungiyoyin jiran ko-ta-kwana ya cancanci yabo, shi ya hana rukuni biyu zama da gurbi.

Cape Verde ce ta fi ban takaici. Zuwanta na farko ke nan gasar duniya. Ta buga da Hungari, sai gwaji ya ƙara fito da masu cutar, ta kasa cika 'yan wasa 10 da doka ta ce dole ne kafin a shiga fili. Aka ba Jamus nasara 10 da nema ba a jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba, daga nan Cape Verde ta janye. Tunda gasa ta riga ta fara, babu damar kiran wata ƙasa, don haka Urugwai ta haye zagaye na gaba da makin da ba ta yi gumi a kansa ba. Maganin a bayyane yake: a tilasta kowace ƙungiya ta iso da mako guda ko fiye, ta zauna a killace kafin wasan farko. Sai dai jadawali bai bar wuri ba. An kammala gasar zakarun kulob na Turai a Kolon ta Jamus a ƙarshen Disamba, aka buga wasannin neman gurbin gasar Turai a farkon Janairu. Ƙananan ƙasashe kuma ba su da kuɗin ƙarin kwanaki a otal ko jirgin shata, kuma a ganinmu wannan nauyin hukumar ya kamata ya hau.

Batun 'yan kallo ma an yi jan ƙafa. Da farko an shirya barin wani kaso ya shiga, sai da kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin Turai suka rubuta takardar ƙorafi, sannan kwanaki kaɗan kafin farawa aka rufe zaure. Killace 'yan wasa makonni uku sannan a cika musu zaure da mutanen gari ba ya tafiya tare, bai kamata a jira ƙorafi ba.

Wasan kansa bai lalace ba. Masar ta kai Denmak har bugun mita bakwai, wato fenareti, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe kafin ta sha kashi, Denmak ta doke Swidin 26 da 24 a wasan ƙarshe ta riƙe kofinta. Duk hukumar da za ta kwaikwayi wannan tsari, ta ɗauki faɗaɗa rajista da ƙungiyoyin jiran ko-ta-kwana yadda suke, amma ta fara killacewa tun daga sansanin atisaye na gida, ta kuma ware kuɗinsa ga ƙasashen da ba za su iya biya ba.