Bargon ulu na gwanjo: yadda na same shi a hunturun bana

A wajen masu gwanjo na Kasuwar Sabon Gari na sayo shi, daidai lokacin da hazo ya fara rufe Zariya. Kuɗinsa ya kusa ninka na bargunan roba masu zanen furanni, shi ya sa sai da na gwada kafin in biya. Na zare zare ɗaya daga gefe na sa masa ashana. Ulu na gaskiya ba ya saurin kamawa, ƙaurinsa irin na babbakar kan rago ne, tokar kuma tana murtsukewa a yatsa. Zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Mai kayan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke kam kin san kaya."

Takardar jikinsa ta nuna ulun Merino ne, wani irin tumaki, daga Ostireliya. Tumakinmu na gida, Yankasa da Uda da Balami, gashi ke gare su ba ulu ba, su kan zubar da abinsu, shi ya sa ba mu san askin tunkiya ba. Merino kuwa gashinta ba ya daina tsiro. Sau ɗaya a shekara ake kwantar da ita a aske da injin lantarki, gashin ya sauko a haɗe, a wanke maiƙon, a kaɗa zare. Maiƙon ma ba a zubarwa, da shi ake haɗa wasu mayukan shafawa.

Ɗumi kam ba magana. Sanyin asuba da ke sa mutum ya yi ta jan ƙafa kafin alwala, wannan bargo ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi burge ni, ba ya tara gumi. Da na roba sai ki farka tsakar dare jiƙe sharkaf, da wannan kuwa jiki a bushe har safe.

Amma yana da ƙaiƙayi. Autana ya ƙi shi ƙememe sai da na shimfiɗa zanen gado a ƙarƙashi. Wankinsa ma sai da lallami: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba cuɗa ba murɗa, a shanya shi a kwance cikin inuwa. Ruwan zafi na taɓa shi zai tsuke, ba ya komawa.

Ga babba mai jin sanyi, ya ci kuɗinsa. Ga jarirai ban ba da shawara ba. In zafi ya shigo a ninke shi da kafur a akwati, don asu na son ulu.