Ginshiƙin Alminiyam ko Shimfiɗar Gam: Wanne Ƙotar Katako Take Buƙata?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka ya ce yana da bindiga ƙirar Remington 700 mai ƙotar katako, ta farautar barewa. Ya saita ta da rani, kaka na zuwa sai harbin ya kauce. Yana tambaya: ya dasa ginshiƙai a ramukan sukuru, ko shimfiɗa gam a ƙarƙashin ƙarfen ya isa?

Malam, cuta biyu ce, kowacce da maganinta.

Sukuru biyu ne ke ɗaure ƙarfen bindigar da ƙota. Katako kuwa yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya motse, kamar ƙyauren da ke cijewa da damina ya saki da hunturu. Ga shi duk ɗaurin da ka yi, sukurun na ƙara danne shi. Ƙarfin ɗaurin yau ba shi ne na wata uku masu zuwa ba. Ginshiƙi wannan yake magancewa: ɗan bututun alminiyam ne ko baƙin ƙarfe mara tsatsa, a faɗaɗa ramin sukuru a dasa shi da gam, sukurun ya ratsa ta cikinsa. Daga nan ƙarfe ke matse ƙarfe, katako ya huta. Shi ya sa mai ginshiƙi kan ɗaure har inci-fam 65, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin sukuru, alhali a katako tsura ba a kusantar haka.

Shimfiɗar gam aikinta dabam. Ƙwarmin da masana'anta ta fafe a ƙota ba ya zama daidai da cikin ƙarfen, akwai wurin da ya taɓa, akwai wurin da ke reto. Sai a cika gibin da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ake damawa ya daskare, irin su Acraglas na kamfanin Brownells, ko Marine-Tex, ko Devcon 10110, ƙarfen ya kwanta ya bar siffarsa. Inda ta fi amfani shi ne bayan haƙorin nan da ke tsakanin bututun harbi da jikin bindiga, wanda ke karɓar naushin harbi. In akwai gibi a bayansa, kowane harsashi zai ɗan gusar da ƙarfen. Ginshiƙi ba ruwansa da wannan. Hasali ma ramin cikinsa dole ya fi sukurun faɗi, don kada sukuru ya koma shi ke shan naushin.

Wajen wahala, gam ya fi sauƙi: kurfi, salatif, yumɓun wasan yara da haƙuri. Ginshiƙi yana son huda miƙaƙƙiya, wadda injin huda na tsaye ya fi na hannu iya ta, kuma tsawonsa sai an auna da kyau. Ya yi tsawo, ƙarfen ya ɗare a kan duwatsu biyu yana lilo. Ya gaza, ka koma matse katako.

Amma babban haɗarin duka ɗaya ne, wato ka manne bindigar da ƙotarta har abada. Cire kunama tukuna, bayan ka tabbatar babu harsashi. Toshe kowane rami da lungu da yumɓu. Shafe ƙarfen da sukuran da man hana mannewa. Masu wannan sana'a da yawa man takalmi na Kiwi mara launi suke shafawa, sau biyu. Haƙorin kuma a liƙa masa salatif gaba da gefe da ƙasa, bayansa kaɗai ya taɓa gam. Kada ka ɗaure sukuru tamau gam na ɗanye, domin ƙarfen zai ɗan tanƙwaru, gam ya daskare a kan karkatar. A ba shi awa 24 kafin a raba, harbi kuma sai bayan 'yan kwanaki.

Ni dai a ƙotar katako duka biyun nake ba da shawara, a zama ɗaya, tunda an riga an kwance bindigar an dama gam. In dole ɗaya za ka zaɓa don ba ka da injin huda, yi shimfiɗar, ka riƙa duba ɗaurin sukuru duk sauyin yanayi. Ƙotar da ta zo da gadon alminiyam a cikinta, irin ta kamfanin H-S Precision, ba ta buƙatar ginshiƙi.

Kafin ka taɓa gam, zura takardar dala tsakanin bututun harbi da ƙota. In ta maƙale a hanya, katako na tura bututun, kuma wataƙila fafe wurin da sanfefa kaɗai ya dawo maka da saitinka.